Yadda Ake Mallakar Ƙaramar Bindiga Mai Mariƙin Roba a Amurka da Koyon Harbi da Ita

Duk wanda ya shiga shagon sayar da makamai a Amurka, ya tsaya gaban akwatin gilashin da ake jera ƙananan bindigogi, zai lura cewa yawancinsu baƙaƙe ne masu kama da juna, kuma idan aka miƙo masa guda ya karɓa zai ji ba ta kai nauyin da ya zata ba. Dalilin haka shi ne rabinta na ƙasa, wato mariƙin da gangar jikin da ke ɗauke da kunama, an zuba shi ne da wata irin roba mai ƙarfi da ake kira folima, yayin da bututun da ƙarfen sama mai ja da baya, wanda masu harbi ke kira silaid, suka kasance ƙarfe zalla. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fito da irin wannan ƙira a shekarar 1970 da samfurinsa na VP70, amma ba ta karɓu ba sai da wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Gaston Glock, wanda a baya sandunan labule da wuƙaƙen soja yake ƙerawa, ya gabatar da Glock 17, rundunar sojan ƙasarsa kuma ta zaɓe ta a 1982. Lokacin da ta shiga Amurka an yi ta yayata cewa bindigar roba ce da za ta wuce na'urar binciken filin jirgi ba a gani ba, alhali ƙarfen da ke jikinta ya ishi kowace na'ura. Yau kusan kowane babban kamfani yana da irin tasa: Smith & Wesson na da M&P, SIG Sauer na da P320, wadda rundunar sojan Amurka ta ɗauka a 2017. Zan riƙa misali da Glock 19, wadda ta fito a 1988, domin tana cikin waɗanda aka fi samu a hannun masu saye, kuma abin da za a faɗa a kanta ya shafi mafi yawan 'yan uwanta.

Abin da ya sa mutane ke son wannan ƙira shi ne sauƙinta, kuma wannan sauƙin ne ya ɗora wa mai ita nauyi. Glock ba ta da maɓallin kulle na waje da ake murɗawa da yatsa kafin harbi. Tana da matakan kariya guda uku a ciki, ɗaya a jikin kunamar kanta, ɗaya yana tare allurar da ke bugun harsashi, ɗaya kuma yana hana ta tashi idan ta faɗi ƙasa, amma dukkansu suna kaucewa da kansu da zarar an ja kunama da ƙarfin da ya yi kusan na ɗaga kilo biyu da rabi. Bindigar ba ta san bambanci tsakanin yatsan da ya yi niyya da igiyar riga da ta maƙale ba. Saboda haka duk abin da zai biyo baya a wannan jagora ya ta'allaƙa ne ga halayen da mutum zai saba wa hannunsa da su.

Doka tukuna

Kafin a je ga saye, ya kamata mai karatu da ke zaune a Najeriya ya san cewa wannan bayani bai buɗe masa wata ƙofa ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ke komawa 1959, ta sanya libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba tare da wannan izini ba ɗauri ne a gabansa. Wanda jagorar za ta yi wa amfani kai tsaye shi ne mazaunin Amurka, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008, a shari'ar Heller, cewa mutum yana da 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa.

A dokar tarayya, dila mai lasisi ba ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba. Mai saye zai nuna katin shaida mai hoto da adireshinsa na jihar da yake zaune, ya cike takardar da ake kira fom 4473, sannan dilan ya tura sunansa a bincika ta tsarin NICS, wanda hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998, ko ta hukumar jiha a jihohin da ke yin binciken da kansu. Amsar na iya zuwa cikin 'yan mintoci, ana kuma iya jinkirta ta. Mai riƙe da katin zama na dindindin yana da damar saye, amma wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara, a ƙa'ida an hana shi, sai a wasu keɓantattun halaye da doka ta ambata, kuma ɗalibi ya fi kyau ya tambayi lauya kafin ya taɓa ko da bindigar haya ce. Haka nan an hana wanda aka taɓa samu da babban laifi, da wanda aka yanke wa hukunci kan dukan iyali, da mai shan tabar wiwi ko da jiharsa ta halatta ta.

Akwai tambaya guda a fom ɗin da ta fi shafar mutanenmu, ita ce ko kai ne ainihin mai sayen. Mun taso da al'adar aike, inda wa ko aboki zai ce ga kuɗi ka sayo mini, kuma kunya ta hana ka cewa a'a. A nan kunyar ba ta da wurin zama, domin sayen bindiga da sunanka don miƙa wa wanda ya ba ka kuɗin babban laifi ne na tarayya, komai kusancinku.

Bayan dokar tarayya sai ta jihohi, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya kai na ƙasa da ƙasa. A Kalifoniya sai mai saye ya jira kwana 10 kafin ya karɓi bindigarsa, kuma gidan harsashin da ake sayarwa, wato ɗan akwatin da ake zuba harsasai a cusa cikin mariƙi, bai wuce mai cin 10 ba. A Niyok sai da lasisi ake ajiye ƙaramar bindiga ko da a cikin gida ne. A Ilinoi sai an mallaki katin shaidar mai makami. A Teksas kuwa, tun watan Satumba na 2021, yawancin manya suna iya ɗaukarta a jiki ba tare da lasisi ba. Dokar jiharka za ka karanta daga shafin hukumar jihar, ba daga bakin maƙwabci ba.

Zaɓi

Glock 19 tana cin harsashi 15 na milimita 9, tsawon bututunta milimita 102, nauyinta kuma da fankon gidan harsashi kusan giram 670. A ganina sabon shiga ya fara da wannan girma ko wanda ya fi shi, ya guji ƙananan da ake sakawa a aljihu, domin duk yadda bindiga ta ƙanƙance haka shurinta ke ƙaruwa a hannu, kuma mai koyo da ke tsoron shuri ba ya koyon komai sai runtse ido. Filayen harbi da yawa suna ba da haya, saboda haka ka gwada uku ko huɗu kafin ka fitar da kuɗi. Abin dubawa shi ne ko tsokar gaɓar farko ta manuninka tana zama kan kunama ba tare da ka karkatar da riƙonka ba, ko babban yatsanka yana kai wa maɓallin sakin gidan harsashi, da kuma ko kana iya jan silaid har ƙarshe ka kulle shi a buɗe.

Game da harsashi, sunan da za ka nema a jikin kwali shi ne wanda aka zana a jikin bututun. Abin da ake kira 9mm Luger ko 9×19 abu ɗaya ne, amma 9×18 na Makarov da .380 daban suke ko da yake suna kama a ido. Don atisaye ana sayen mai lulluɓin tagulla, mai nauyin giren 115 ko 124 (giren ma'auni ne na nauyin kan harsashi), wanda ya fi araha. Kamfanin Glock ya yi gargaɗi kan harsashin da wani ya sake cikawa a gida, kuma duk rahusar da aka yi maka a kansa ba ta kai kuɗin yatsa ba.

Yadda take aiki da yadda ake sauke ta

Nan ne ya kamata a tsaya a natsu, domin mafi yawan harbin kuskure daga rashin fahimtar wannan wuri yake fitowa. Harsasai suna zaune ne a gidansu da ke cikin mariƙi, sifirin yana turo su sama. Idan aka ja silaid baya aka sake shi, yana kwashe harsashin da ke sama ya cusa shi cikin makwancinsa a gindin bututu. Da an ja kunama allura ta bugi gindin harsashin, albarushi ya kama, kan harsashin ya fita, ƙarfin fashewar ya mayar da silaid baya, ya wurgar da kwanso, ya dawo da sabon harsashi makwanci. Wannan shi ne ma'anar bindiga mai ɗana kanta: ja ɗaya harbi ɗaya, amma bayan kowane harbi a ɗane take.

Abin da ke biyo wa wannan shi ne cewa zare gidan harsashi bai fitar da wanda ya riga ya shiga makwanci ba, kuma Glock za ta harba shi ko da babu gidan a jikinta. Don haka sauke ta yana da tsari wanda ba a juya shi. Ka fuskantar da bakinta wurin da ba za a yi ɓarna ba ko da ta tashi, yatsanka a miƙe a gefen jikinta. Ka fara zare gidan harsashi ka ajiye shi nesa da hannunka. Sannan ka ja silaid da ƙarfi har ƙarshe sau biyu ko uku, ka bar harsashin da ke ciki ya faɗi, kada ka tara tafin hannu a kan ramin da kwanso ke fita don cafe shi. Ka kulle silaid a buɗe, ka leƙa makwancin, ka leƙa ramin mariƙi har ka ga haske ya ratsa, sannan ka sa ɗan ƙaramin yatsa ka taɓa, domin ido yakan ga abin da zuciya ta riga ta yanke. Wanda ya juya tsarin, ya ja silaid tukuna kafin ya zare gidan, ya fitar da harsashi guda ya shigar da wani, kuma zai rantse bindigarsa babu komai a ciki.

Masu koyarwa a Amurka suna maimaita ƙa'idoji huɗu da ake dangantawa da Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976. Kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin ɗananniya. Kada bakinta ya fuskanci abin da ba ka yarda ka lalata ba. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai saiti ya zauna kan abin bara kuma ka yanke shawarar harbi. Ka tabbatar da abin da kake nufa da abin da ke bayansa, domin harsashin milimita 9 yana ratsa bangon allo na gidajen Amurka ɗaki bayan ɗaki. Hikimar haɗa su huɗu ita ce sai an karya aƙalla biyu a lokaci ɗaya kafin a ji wa wani ciwo. Idan wani ya miƙo maka bindiga yana cewa ya duba, ka sake dubawa a gabansa, kuma duk wanda ya san makami ba zai ɗauki wannan a matsayin raini ba.

Ajiya a gida

Dokar tarayya ta wajabta wa dila ya haɗa maka da makulli idan ya sayar maka da ƙaramar bindiga, galibi irin mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta ramin mariƙi a fito da ita ta ramin kwanso. Wannan mafari ne kawai. Abin da ya dace shi ne akwatin ƙarfe mai lambar sirri da aka ɗaure da ƙusa a bango ko a ƙasa, harsasai kuma a kulle a wani wuri daban idan ba don tsaron gida aka ajiye ta ba. Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ne, domin yaro ɗan shekara biyar ya san kowane lungu na ɗakin iyayensa, kuma yatsunsa biyu sun isa su ja kunamar Glock. Gidajenmu kuma gidajen baƙi ne, ranar suna ko ta salla yaran mutane goma na iya cika falo su watsu cikin ɗakuna.

Akwai wata magana da ba a cika son yi ba, amma barinta ha'inci ne. Alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka sun nuna cewa fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a ƙasar a shekara kansu suka kashe. Idan kai ko wani a gidanka ya shiga matsanancin ƙunci, ko rikicin aure ya yi tsanani, ka fitar da makamin daga gidan ta hanyar da dokar jiharka ta yarda, kamar ajiye shi a wurin dila, har ƙura ta lafa. Lambar waya 988 tana aiki a duk faɗin ƙasar ga mai neman wanda zai saurare shi.

Ranar farko a filin harbi

Ka biya kuɗin darasi wurin ƙwararren mai koyarwa kafin ka sayi ƙarin kayan ado na bindiga, domin halin da hannu ya koya a makon farko da wuya ya bar shi. Ka isa filin da bindiga a sauke cikin akwatinta, ba ka buɗe akwatin sai a kan teburin harbi, bakinta na fuskantar abin bara. Idan jami'in fili ya yi kiran a tsagaita, kowa yana cire yatsa ya tsaya nan take, kuma kowane mutum a wurin yana da ikon yin wannan kira idan ya ga hatsari.

Ƙarar harbin milimita 9 tana kai wa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma abin da ya haura 140 na iya lalata ji a karo ɗaya, lalacewar da ba ta gyaruwa. A filin da ke cikin gini ka haɗa toshiyar kunne ta ciki da ta waje. Tabarau na kariya wajibi ne. Sutura ma tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda kwanson da bindiga ke wurgarwa da zafinsa yake fita, kuma yakan bugi bangon rumfa ya dawo. Na taɓa ganin wani bawan Allah sanye da riga mai buɗaɗɗen wuya, kwanso ya faɗa masa a ƙeya ya gangara baya. Ya zabura ya juyo yana laluben bayansa da hannun hagu, bindigar na hannun dama, bakinta ya share layin mutane uku kafin jami'in fili ya damƙe masa hannu. Ƙunar ba ta fi ta ɗigon man suya ba, amma juyowar ta isa ta yi kisa. Saboda haka a sa riga mai rufaffen wuya da hula mai baki da takalmi rufaffe, a bar babbar riga da duk wani abu mai faɗin hannu a gida, mace mai hijabi kuma ta zaɓi wanda ya kama wuya ta cusa gefensa cikin riga. Idan duk da haka kwanso ya shiga, a ajiye bindigar a tebur tukuna, sannan a yi rawar.

Riƙo, tsayuwa, saiti da kunama

Hannun harbi yana kama mariƙi can sama, har naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya matse ƙarƙashin ɗan lanƙwasan da ke bayan bindigar, ba tare da ya haura inda silaid ke wucewa ba. Hannu na biyu yana cike gurbin da ya rage a gefen mariƙin, yatsunsa huɗu suna naɗe kan na hannun farko, manyan yatsu biyu kuma suna kwance gefe ɗaya suna nuna gaba. Kada babban yatsan hannu na biyu ya ratsa ta bayan silaid, domin zai dawo da gudu ya yanke shi. Riƙon ya zama mai ƙarfi, musamman na hannun taimako, wuyan hannu kuma a ƙage. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ta ɗan saki, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba. Sabon mai harbi yakan jingina baya don nisantar ƙarar, kuma wannan ne ke sa shuri ya rinjaye shi.

Kafin saiti ka gano idon da ya fi rinjaye a wurinka: ka haɗa hannuwa ka bar ƙaramar kafa, ka hango wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya, idon da abin bai ɓace masa ba shi ne jagora. Saitin ƙarfe kuwa ɗan tsinin gaba ne da ake zaunar da shi a tsakiyar tsagin baya, samansu daidai, hasken da ke gefensa biyu daidai. Ido ba ya iya tsayawa kan abu uku lokaci ɗaya, don haka a tsayar da shi kan tsinin gaba, a bar abin bara ya ɗan yi hazo.

Duk wannan ana koyonsa cikin awa ɗaya. Kunama ce ke ɗaukar shekaru. Kunamar Glock tana da ɗan sako-sako a farko, sai ta ci karo da wani tauri, bayan taurin ne take tashi. Abin da ake so shi ne a matsa ta kai tsaye zuwa baya da ƙarfin da ke ƙaruwa a hankali, ba tare da sauran yatsu sun motsa ba, har harbin ya fita. Saitin ba zai taɓa tsayawa cak ba, yana ɗan yawo, kuma wanda ya jira ya ga ya zauna daidai sannan ya fizgi kunama da sauri shi ne ke kuskurewa. Bayan harbi a riƙe kunamar a baya na ɗan lokaci, a sake ta a hankali har a ji ɗan ƙaran da ke nuna ta sake kamawa, daga nan ake fara harbi na gaba.

Ka fara daga yadi 3, ka matsa zuwa 5 da 7 idan ramukan sun taru wuri ɗaya. Kusan kowane mai harbi da hannun dama zai ga ramukansa suna taruwa ƙasa ta hagu, na bahago kuma ƙasa ta dama, kuma kusan kowa zai ce saitin bindigar ne ya karkace. Ba saitin ba ne, hannu ne ke dannawa ƙasa don tarar shuri kafin harsashi ya fita. Hanyar kama wannan hali ita ce abokin atisaye ya cakuɗa harsashin wasa, wanda ba shi da albarushi, cikin na gaske ba tare da ka san inda yake ba. Ranar da kunama ta faɗa kan na wasan za ka ga bakin bindigar ya yi sujada da idonka. Harsashi 50 da aka harba da lura sun fi 200 da aka zazzage don jin ƙara.

Magani mafi araha shi ne atisayen jan kunama ba harsashi a gida. A sauke bindigar bisa tsarin da aka bayyana, a fitar da duk harsashi daga ɗakin gaba ɗaya, a zaɓi bangon da zai iya tare harsashi, a yi minti 10 ana jan kunama ana kallon tsinin gaba kada ya motsa. Idan an gama a faɗa da baki cewa an gama, a mayar da ita akwati, domin hatsarin wannan atisaye yana zuwa ne a ja ɗaya na ƙarin da mutum ke yi bayan ya riga ya mayar da harsashi.

Idan ta ƙi tashi

Idan ka ja kunama ka ji ƙyas babu harbi, ka ci gaba da nuna bakinta ga abin bara na daƙiƙa 30, domin akwai harsashin da ke jinkirin kamawa. Bayan haka ka buga gindin gidan harsashi da tafin hannu don tabbatar da ya zauna, ka ja silaid ka fitar da wanda ya ƙi. Idan kwanso ya maƙale a tsaye a bakin rami, galibi sakin wuyan hannu ne ya jawo, domin mariƙin roba ba shi da nauyi, kuma silaid yana buƙatar abu mai ƙarfi a bayansa kafin ya kammala tafiyarsa. Wanda ya fi kowanne hatsari shi ne harbin da ya fita da ƙaramar ƙara da raunin shuri. Wannan alama ce cewa kan harsashin ya tsaya a cikin bututu, kuma harbi na biyu a kansa na iya fasa bindigar a hannunka. Ka tsaya, ka sauke ta, ka kira jami'in fili.

Wankewa

Kwance Glock yana buƙatar a ja kunama, kuma wannan mataki ne ya huda bangaye da cinyoyi masu yawa. Don haka ba a wanke ta a ɗakin da akwai harsashi, ba a kuma fara kwancewa sai an duba makwanci da ido da yatsa. Bayan an tabbatar, a saki silaid, a nuna ta wuri amintacce a ja kunama, a ja silaid baya kamar milimita 3, a sauke 'yan maɓallan da ke gefe biyu tare, sai silaid ya zame gaba ya fita. A cire sifirin, a cire bututu, shi ke nan kashi huɗu, kuma mai ita ba ya buƙatar wuce nan. A goge cikin bututu da burushi da ruwan wankin bindiga daga gindi zuwa baki, a bi da ƙyalle har ya fito fes. Mai kuwa ɗigo kaɗan ne a kan layukan da silaid ke gudu da bayan bututu, kamar yadda littafin kamfanin ya nuna, kuma ba a ɗiga shi a ramin allura, domin yana tara datti ya raunana bugunta. Bayan harbi ko wankewa a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki jariri, saboda ƙurar dalma da ke maƙalewa a fata da tufafi.

Ɗauka a jiki da tafiya

Wanda jiharsa ta ba shi damar ɗaukarta a jiki yana buƙatar kube mai tauri da aka yi domin samfurin bindigarsa, wanda ya rufe wurin kunama ruf, kuma ba a jefa irin wannan bindiga tsirara cikin aljihu ko jaka. Mayar da ita kube ana yin sa ne a hankali ana kallo, bayan an kawar da gefen riga da igiyar jaket. Ya kuma sani cewa izinin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, kuma ofisoshin gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya ba a shiga da makami.

A jirgin sama na cikin Amurka ana tafiya da ita ne a sauke, cikin akwati mai tauri a kulle, a kayan da ake aunawa, bayan an sanar da ma'aikacin kamfanin jirgi. Mai shirin zuwa gida hutu kuwa ya bar ta a akwatinta na ƙarfe, kuma jakar da yake zuwa filin harbi da ita kada ta zama jakar tafiyarsa. Harsashi guda yakan gangara ya maƙale a ɗinkin aljihun jaka ya yi watanni a nan, na'urar filin jirgi kuma za ta gan shi, a Atlanta ne ko a Alƙahira ko a Kano. Kafin a fara zuba tsaraba, a zazzage kowace jaka a kan farin zane, a bi aljihunanta da hannu ɗaya bayan ɗaya, har da na jaket da wandon da aka saba sawa ranar harbi.